Muryar Yalwa

Litinin, 5 ga Oktoba, 2009

Yau kam sai na rubuta. Majalisar birni ta amince! Duk wanda ya kafa kamfanin fim a Maraɗi an yafe masa patanti, wato kuɗin lasin buɗe sana'a, an yafe masa lanho, haraji in ji Kano, na sayar da faifai a kasuwa, har shekara biyar. Sharaɗi ɗaya ne: aikin duka a yi shi nan, da hannun 'yan gida. Mai kamara, mai haɗa hoto, mai sauti, 'yan wasa, har tela. In aka kai ko murya ɗaya waje aka gyara, yafiyar ta tashi.

Idirisa ne ya kawo labarin har gidan rediyonmu, ina tsaka da karanta cigiyar akuya. Ya tsaya bayan gilashi yana tsalle, ƙaton mutum da gemunsa. Tun yaushe yake ɗaukar hoton biki da suna, yana cewa wata rana sai ya yi fim irin na Kano, gari na yi masa dariya. Ina fitowa ya ce, "Sahiya, sun sa hannu! Wallahi sun sa hannu!" Na ce masa Safiyya nake, da fa, ba da ha ba. Ya ce, "Mun ji, 'yar Kano. Kina ciki ko ba ki ciki?"

Ina ciki mana!

Na san zaɓe ne ya matso, gari ya rabu biyu kan tazarce, kowa na neman a yabe shi. Su ta shafa. Ni dai ƙofa na gani a buɗe. Tun da muka baro Fagge ni da Gwaggo Atika bayan rasuwar mijinta, ban daina mafarkin komawa Kano ba. Ko littafin nan da Kananci nake rubuta shi, don kada harshen ya tsere mini.

Juma'a, 9 ga Oktoba

Mun kama ɗaki biyu a unguwar Zariya ta nan Maraɗi, bayan gidan Gwaggo. Ɗaya na zama, ɗaya na sauti. Shamsu mai gyaran kwamfuta na bakin kasuwa shi ne mai kamara da haɗa hoto. Ni ce mai sauti, ni ce kuma Rabi, yarinyar da labarin ke kanta: 'yar masu lambu da ƙauye ya ishe ta, za ta tafi birni. Maijidda mai atamfa za ta fito a uwar.

Mun liƙe bangon ɗakin sauti da kwalin ƙwai da tsofaffin katifu. Gwaggo ta leƙo ta ce, "Wanga ɗaki na mahaukata ne ko na kaji?"

An ce wasu ƙungiyoyi biyu ma sun tashi a gari. Yau kaɗai teloli sun zo neman aiki, da mai kitso, da wani mai sarewa da ya ƙi tafiya sai da ya busa mana.

Laraba, 14 ga Oktoba

Tsibiri, wurin Tanko maƙeri. Idirisa ya ji cewa manyan masu fim kan layin ƙarfe kamararsu take tafiya, ya zana wa Tanko a ƙasa da tsinke tun wancan mako. Yau muka tarar ya haɗa abin da ƙafafun baro da bututun famfo. Kuma yana tafiya sumul! Sai dai kuka yake, ƙiiii, kamar an taka wutsiyar kyanwa. Shamsu ya hau ya harɗe, Tanko na turawa, matan unguwa suka leƙo ta kan danga suka rangaɗa guɗa. Na yi dariya har cikina ya ƙulle.

Tanko ya ce zai ba shi man gyaɗa ya yi shiru, kuma duk inda keken zai je ƙafarsa ƙafarsa, don bai yarda da hannun kowa ba. Sai muka haɗa masa da riƙon gorar makirufo. Yafiyar lanho ta mai da maƙeri ɗan fim, wa ya taɓa jin haka.

Talata, 20 ga Oktoba

Ranar zaɓe. Gari tsit, 'yan adawa sun ce kowa ya zauna gida. Ba mu taɓa kamara ba.

Lahadi, 25 ga Oktoba

Mun je Jiratawa neman lambun da za mu yi aiki. Ban so ba, amma Idirisa ya nace sai lambun tamaka na gidanmu, wato zogale, don ya fi kowanne kore.

Yalwa na ciki tana tsinkar ganye. Ita ta haife ni, ni ce 'yar farinta. Ana yaye ni aka miƙa ni ga Gwaggo, yayar babana, kamar yadda ake yi. Tun da nake a duniya ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa duban tsakiyar idona ba. Kunyar ɗan fari. Ƙannena tana zagin su tana jawo su jikinta, ni kuwa "ɗiyar Atika" ce. In tana da magana da ni, bango take faɗa wa, ko akuya, ko duk wanda ke kusa.

Yau Shamsu ne bangon. Ta ce masa, "Ɗana, hwaɗa ma ɗiyar Atika akwai hura cikin ɗaki." Ina tsaye inda hannunta zai iya kai wa. Shamsu ya juyo da gaskensa ya ce, "An ce akwai hura." Na ce ya ce mata an gode. Idirisa ya kusa faɗawa magudanar ruwa don dariya.

Ni ma na yi dariyar, ai na saba. Furar ta yi daɗi, da citta sosai yadda nake so. Ban san wa ya gaya mata ba.

Alhamis, 29 ga Oktoba

Babban baƙo! Alhaji Bilal, dillalin fina-finai daga Kano, abokin cinikin wani kawun Idirisa. Muka nuna masa gwajin da muka ɗauka. Ya yaba hoto, ya yaba lambu, ya shafa keken Tanko ya ce har a can sai a nema. Da aka zo wurin magana sai ya fashe da dariya. Ya ce, "Malam Idi, kar ka ji haushi. A wajenmu duk wanda ya ce 'munka tahi' a fim, ɗan barkwanci ne. Jarumarka tana kuka, 'yan kallo suna dariya. Ka ba ni hoton kawai, a ɗora muryoyi a Kano, in saye shi gaba ɗaya."

Idirisa ya yi tsuru-tsuru. In muryoyi suka je Kano, yafiya ta tafi. In ba su je ba, kasuwar Kano ta tafi.

Sai na buɗe baki. Na ce ranka ya daɗe, ya hanya, ya mutanen Kwari, ya aka baro su Fagge, duka cikin Kanancin da na sha tun ina yarinya. Ya zaro ido ya ce, "Ke 'yar ina ce?" Na ce 'yar Jiratawa. Nan take aka gama magana: ni zan ɗora muryoyin mata duka da Kananci, in koya wa maza nasu, a nan Zariya, a ɗakin kwalin ƙwai. Bakin Kano ne amma hannun 'yar gida, majalisa ba ta da ta cewa. Alhaji kuma ya ce in aikin ya fita tsaf, akwai kujera tana jira na a ɗakin sautinsa.

Kujera a Kano! Na dawo gida ban san ta wace hanya na bi ba. Gwaggo ta ce in daina washe haƙora, ƙuda zai shiga.

Talata, 10 ga Nuwamba

Rikicin siyasar nan ya kai bakin iyaka. An ce an tsaurara bincike, motoci sun yi layi. Maijidda ta je Katsina saro atamfa, ta maƙale a Jibiya da kayanta, ta ce ba ta baro su ko za a naɗa ta sarauniyar fim. Ba mu da uwa, kuma tamaka ba jiran mu zai yi ba, an kusa sare shi.

Alhamis, 12 ga Nuwamba

Idirisa ba shi da hankali. Wurin Yalwa ya tafi. Na ce masa matar da ba ta iya ce mini ga fura, ita za ta yi wasa da ni? Ya ce tunda murya za a sake, jiki kawai yake so, kuma babu wadda hannunta ya iya tsinkar ganye kamar nata.

Ina laɓe bayan danga ina ji. Ta ce ita ba ta san him ba. Ya ce, "Inna, aikinki za ki yi. Ki yi ma yarinyar hwaɗa, ki ba ta abinci, shi ke nan." Ta ce wace yarinya? Ya ce Rabi. Ina jin ganye na zuba a kwando. Can ta ce, "Rabi? To ai ba kunya tsakanina da Rabi."

Ta yarda.

Lahadi, 15 ga Nuwamba

Ranar farko. Idirisa ya ce "Aksiyon!", Yalwa ta juyo ta dube ni. Cikin ido. Ta ce, "Ke Rabi, wanga ɗaurin kallabi na mi ne? Taho nan in gyara miki." Babu wannan a rubuce. Ta kama kaina ta kwance ta sake ɗaurawa, hannunta kaushi, yana ƙamshin hayaƙi da ɗanyen ganye. Maganata ta gudu gaba ɗaya. Idirisa ya ce "Kupe!", ta sake ni, ta juya baya, ta ce wa Tanko ya gaya wa ɗiyar Atika ta matsa daga rana.

Tana da ɗan tabo a girar hagu. Ban taɓa sani ba.

Laraba, 18 ga Nuwamba

Ba ta bin rubutu ko kaɗan. Idirisa ya haƙura, ya ce a bar ta, abin da take faɗi ya fi nasa. Yau ta yi wa Rabi faɗa kan rama, ta ce birni ba su ba ta abinci, ta ɗura mini dambun tamaka da hannunta. Sannan ta ba Rabi labarin ranar da aka haife ta: gulbi ya kawo, ungozoma ta kasa ƙetarowa, ita kaɗai a ɗaki da jaririya mai ihu kamar za ta tsaga rufi. Shamsu ya raɗa mini, "Kai, tsohuwar nan ta iya ƙirƙira." A damina aka haife ni.

Na yi ta ɓata wurin da gangan don a sake.

Asabar, 21 ga Nuwamba

Injinan ban ruwa sun cika mana kunne, keken Tanko ma ya shanye man ya koma kuka. Ba komai, duk za a goge a ɗora sabo.

Talata, 24 ga Nuwamba

Fitowa ta ƙarshe. Rabi ta hau babur ɗin kabu-kabu da jakarta, uwar ta biyo ta bakin lambu ta kira ta, ita kuma ba ta waiwayo ba. Haka aka rubuta.

Ana shiri aka ɗauke wuta, injinan ruwa suka yi tsit, har kukan tsuntsu ake ji. Tanko ya ɗaga gora. Shamsu da bakinsa da ba ya rufuwa ya ce, "Yi hawan da kyau, 'yar Kano, gwaji ne. Him na ƙarewa Alhaji ya ɗauke ki, sai dai mu ji ki a radiyo." Yalwa na tsugune tana wanke hannu. Na ga hannun ya tsaya. Ban gaya mata zancen Kano ba. Ta yaya zan gaya mata, ta bakin akuya?

Aksiyon. Na hau, mai babur ya ja. Ina jiran "Rabi!" Sai na ji gudu a bayana, da wata murya da ban san tana da ita ba:

"Sahiya! Sahiya, tsaya! Sau guda anka ɗauke min ke, ban ce komi ba. Sahiya!"

Na waiwaya. Ba a ce in waiwaya ba. Tana tsaye tsakiyar hanya, kallabi a ƙasa, ta toshe baki da hannu biyu kamar wadda ta yi saɓo. Idirisa ya manta da kupe. Ita ce ta juya ta shige lambu, ba ta sake fitowa ba har muka kwashe kaya.

A mota ba mai magana sai Idirisa. Ya ce wannan wurin shi ne fim ɗin, saura duk rakiya ne. Ya ce, "Sunan ne kurum ya ɓaci. In kin zo ɗora murya, sai ki maishe shi Rabi." Na ce to.

Asabar, 28 ga Nuwamba

Babbar Salla. Ban je Jiratawa ba. An aiko da soyayyen nama a kwano, an ce na ɗiyar Atika.

Litinin, 14 ga Disamba

Aikin murya na gudu, kuma wallahi daɗi. Ni ce ƙawar Rabi, ni ce mai kitso, ni ce tsohuwa mai ƙuli-ƙuli, kowacce da irin bakinta. Maza kuwa sai addu'a. Tanko, da aka ba shi fitowar mai gadi, ya yini yana son cewa "fita" tana fitowa "hita", har ya ce leɓensa ya gaji, gara ya koma zuga-zugi.

Mutane na zuwa kallon ɗakin kaji. Ɗaya daga cikin sababbin ƙungiyoyin ta ce za ta riƙa haya. Abokan aikina biyu mata daga rediyo sun zo in koya musu na'ura, na ce su yi sauri su iya, ni mai tafiya ce.

Na aika wa Alhaji gwaji ta hannun direba. Ya bugo ya ce ko a Kano sai an tona. Saura muryar uwa.

Alhamis, 7 ga Janairu, 2010

Saura muryar uwa.

Talata, 19 ga Janairu

Idirisa ya fara ɗaure fuska, don haka yau na zauna. Na sa abin kunne, na buɗe makirufo. Hoto ya zo wurin babur. Na ce "Rabi, tsaya" da Kananci mai kyau, ya hau leɓenta daidai, Shamsu ya ce ba mai ganewa. Saura in danna ta maye gurbin. Na ce masa akwai ƙara a ciki. Ya ce shi bai ji ba. Na ce ni ce mai sauti ko shi?

Ba wawa ba ne. Ya ce in ina son tata, ya zuba mini a faifai in ajiye a akwati. Ba ajiya ce damuwata ba. Ta faɗe shi gaban jama'a, da bakinta, bayan duk shekarun nan, ni kuma in sa nawa bakin in ƙaryata ta.

Da ya fita salla na mayar da tata. Na yi ta saurare har aka ɗauke wuta. Tana jan ƙarshen, Sahiyaaa, muryar na tsagewa a tsakiya. Duk rayuwata ina gyara wa mutane sunan nan.

Alhamis, 18 ga Fabrairu

Sojoji sun yi juyin mulki a Yamai. Rediyon gwamnati sai kiɗan soja. Gwaggo ta hana ni fita. Idirisa ya bugo, ko gaisuwa babu, ya ce, "Yahiyar lanhonmu hwa?"

Litinin, 22 ga Fabrairu

Idirisa ya je ma'aikatar magajin gari. An ce masa ba a soke ba, ba a kuma san gobe ba. Alhaji ya bugo mini ya ce tunda masu sharaɗin sun shiga ruɗu, in tattaro aikin in taho, a ƙarasa a can, in zauna gaba ɗaya. Wato ƙofar ta buɗe har ta fi da.

Sai na ji bakina yana ce wa Idirisa ba zan taɓa muryar Yalwa ba, kuma ba wanda zai taɓa ta, nan ko Kano. Ya ce sunan fa? Na ce a canza wa yarinyar suna. Ya ce Alhaji fa? Muka kira shi, muka kara wayar a lasifika. Ya saurari kiran Yalwa, ya ce wallahi tsohuwar ta taɓa shi, amma kasuwa ba ruwanta da wannan, "anka ɗauke" kaɗai ta isa a kwashe da dariya. Ko a sake, ko a bar maganar. Kujera kuwa bai ƙara ambatonta ba.

Idirisa ya zauna kan keken Tanko ya daɗe. Duk abin da ya mallaka na cikin fim ɗin nan. Na ji tsoro, na ji kunyarsa, amma ban janye ba.

Can ya ce, "Da da lanho bisa kanmu, sai Kano ko mu mutu. Ba lanho, muna iya saida shi da arha. Tasawa na nan, Madawa na nan, Ƙonni, Katsina, har Sakkwato. Duk 'munka tahi' suke cewa, kuma ba wanda yat taɓa yi musu kuka da bakinsu." Ya miƙe ya fara tsallen nan nasa. "A maido muryar kowa! In sojoji sun hwasa yahiya, mu sha tare."

Na fita waje na yi kuka kaɗan. Na Kano ne ko na mene ne, oho.

Laraba, 3 ga Maris

Aikin da na sha wuya a kai na kwance shi da hannuna. Kowa ya dawo ya yi maganarsa da bakinsa, Tanko ya ce yau ƙasa ta samu 'yanci na biyu. Ko'ina an mai da yarinyar Sahiya, sai a bakin Yalwa, ita Rabi take cewa har fitowar ƙarshe. Shamsu ya ce 'yan kallo za su rikice. Idirisa ya ƙara wa ƙawar magana ɗaya a farko: ɗiyar fari ce, uwar ba ta faɗin sunanta, Rabi take ce mata. Shi ke nan, komai ya zauna, har ya fi yadda aka rubuta.

Ƙarar injin ruwa na nan ƙarƙashin muryarta. Na rage abin da zan iya, saura na bari, ai haka Jiratawa take.

Lahadi, 21 ga Maris

Mun kai shi Jiratawa kafin ko'ina. Ajin lakol, wato makarantar boko, bayan la'asar, an toshe tagogi da tabarmi, mutane har bakin ƙofa. Da "munka" ta farko ta fito daga talabijin ɗakin ya ɗauki sowa. Wani tsoho ya ce, "Kai! Wanga him ya iya Hausa!" Da Tanko ya bayyana da sandarsa ta gadi sai da aka tsayar, don ihu. Yalwa ta zauna can baya, ta ja mayafi har hanci.

Wurin babur nake tsoro. Da ya zo, ba wanda ya yi dariya. Wata ta ce a hankali, "La ila, ta kira ta." Sai shessheƙa ta ko'ina, maza na gyaran murya. Gwaggo Atika, da ta rene ni, ta riƙe hannuna har ya yi zafi. Na waiga baya, Yalwa ba ta nan.

A lambu na same ta, tana ƙulla busasshen ganye a buhu. Ba kowa, ba Shamsu, ba akuya, ta rasa wanda za ta aika. Sai ta dubi itacen tamaka ta ce, "A hwaɗa ma ɗiyar Atika ta tahi da wanga. An ce na Kano ba shi da ɗanɗano."

Ni ma na dubi itacen. Na ce, "A hwaɗa mata a aje shi nan. Ba ta tahiya."

Ta ƙulla bakin buhun, ta kwance, ta sake ƙullawa. Can ta ce wa itacen, "To. Akwai hura cikin ɗaki."

Laraba, 31 ga Maris

Faifai sun fita! Masu butiki, wato kantuna, na Tasawa har sun aiko a ƙaro. Sojoji ba su ce komai kan lanho ba tukuna. Waccan ƙungiyar ta kama ɗakin sauti daga Asabar, matan nan biyu kuma hannunsu bai gama faɗawa ba, ba zan bar musu na'ura su ɓata ba. Kano na nan inda take. Aiki ne kawai ya yi yawa.

Mun ɗauki tallar rediyo. A ƙarshe, wurin da mai magana ke faɗin sunanta, bakina ya suɓuce na ce Sahiya. Shamsu ya cire abin kunne ya ce, "A sake?" Na ce lokaci ya ƙure, a bar shi.

Lokaci bai ƙure ba. Munka zamna muna shan shayi har la'asar.